Akun Da Aka Bari A Sharaɗa: Haƙƙin Tsuntsu A Wuyan Mai Keji

 

Wata Juma'a cikin hunturu, mun idar da salla jama'a na watsewa, sai wani dattijo ya tsaya a bakin ƙofar masallaci yana jiranmu. Maigadi ne a wata masana'anta da ta daina aiki a Sharaɗa. Da muka gaisa sai ya ce, "Allah gafarta Malam, fatawa na zo nema. Wani aku ne maigidana ya tafi ya bar mini, to ya haukace. Cizo yake yi, ihu ba dare ba rana, ya tsige gashin ƙirjinsa tas, ga ashar a bakinsa. Yara sun ce aljanu ne suka shige shi. Shin in buɗe keji in sake shi, ko kuwa in sayar wa masu magani? Har sun yi mini tayi."

Muka ce, "Baba, dakata da duka biyun, sai mun zo mun gani."

Duk wanda ya tashi a Kano ya ji labarin zamanin da Bompai da Sharaɗa da Challawa ke cika maƙil da ma'aikata: masaƙu, kamfanonin man gyaɗa, na alewa, na robobi, da gidajen jimar fata. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa. Daga baya rashin wutar lantarki da kwararowar kayan waje suka durƙusar da masana'antu da yawa, masu su, 'yan ƙasa da baƙi, suka sa kwaɗo suka kama gabansu. Idan kamfani ya mutu akan ƙidaya ma'aikatan da aka sallama da injinan da za a yi gwanjo. Ba mu taɓa jin an ƙidaya kyanwar sito, ko karen gadi, ko tsuntsun da ke rataye a barandar manaja ba.

Abin da muka tarar ranar Asabar ya fi abin da Baba ya faɗa muni. Keji ne na waya, duk tsatsa, ba zai ɗauki kaji biyu ba, an rataye shi jikin katangar da ke tsakaninsu da wata masana'anta mai aiki, inda janareto ke ruri yana tura hayaƙin gas. Gwangwanin ruwan ya yi gansakuka. Abincin kuwa gyaɗa ce da ragowar tuwo. Tsuntsun ya maƙale a kusurwa, ƙirji tsirara kamar kazar da aka fige, jan gashin wutsiyarsa saura ƙwaya biyu. Muna matsowa ya yi gurnani, sannan ya dunƙula mana ashar da muryar wani saurayi, ya biyo da ƙarar motar kaya mai ja da baya, ya rufe da tarin Baba, tari sak. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce leburorin maƙwabta ne ke tsokanarsa da kara don ya yi zagi su yi dariya. Ba mu ɗora wa dattijon laifi ba, shi kansa ya kwana biyu bai ga albashi ba.

Ba aljanu ba ne, kuma ba hauka ba ne. Duk abin da ke bakin tsuntsun nan da jikinsa, mutane ne suka rubuta shi.

Irin wannan aku, mai launin toka da jar wutsiya, ba tsuntsun ƙasar Hausa ba ne. Gidansa dazuzzukan kurmi ne masu yawan ruwa, daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. A can yana kwana cikin taron 'yan'uwansa a kan dogayen bishiyoyi, ya wuni yana shawagin neman 'ya'yan itatuwa, musamman kwakwar manja, ya riƙe abokiyar zama guda, su yi ƙwai a kogon bishiya. A hannun mutane yakan kai shekara 40, wani har 60. Kaifin basirarsa kuwa ba a littafin Magana Jari Ce na Abubakar Imam kaɗai yake ba, inda aku ya kai matsayin waziri. A Amurka, wata masaniya mai suna Irene Pepperberg ta shafe shekara 30, daga 1977 zuwa 2007, tana nazarin wani aku mai suna Alex, wanda ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launuka da siffofi, yana ƙirga abubuwa har zuwa shida. To halitta irin wannan ce aka kulle ita kaɗai, babu abokin hira, babu abin yi, babu barci saboda ƙara. Ba ta da abin taɓawa sai jikinta, sai ta koma tsigar gashinta. Ba ta da hanyar korar mai kara sai baki, sai ta koyi cizo. Ta lura ba a waiwayarta sai ta yi zagi, sai ta riƙe zagi.

Shari'a ba ta hana ajiye tsuntsu ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) cewa ƙaninsa Abu Umair yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, kuma da tsuntsun ya mutu Manzon Allah (SAW) ya rarrashi yaron, yana tambayarsa labarin tsuntsun nasa. Hafiz Ibn Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa malamin Shafi'iyya Ibnul Ƙass ya ciro fa'idoji kimanin 60 daga wannan ɗan gajeren hadisi. Daga nan malamai suka fahimci halaccin riƙe tsuntsu, amma da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Sharaɗin nan ba ado ba ne, domin a littattafan nan guda biyu ne kuma aka ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abu Dawud ya ruwaito labarin raƙumin wani Ba'ansare da ya zubar da hawaye da ganin Annabi (SAW), sai ya shafa shi har ya natsu, sannan ya nemi mai shi ya yi masa faɗa a kan yunwa da wahalar da yake ba shi. A lura da tsarin: an fara kwantar wa dabbar da hankali, faɗan kuma mutum aka yi wa.

A mazhabarmu ta Malikiyya, Shehu Halil ya tabbatar a Mukhtasar cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan ba ta da makiyaya. Tsuntsun keji kuwa ina ya ga makiyaya? Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 660 bayan Hijira, ya jero haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, ciki har da ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Wannan gaɓar ce ta fi taɓa mu, domin aku yana da masoya muddin yana sallama yana ba baƙi dariya. Ranar da ya fige kansa, sai a nema masa bayan gida.

Saura tambayoyin Baba guda biyu. Sakin tsuntsu yana kama da jin ƙai, amma ga wannan akun yanka ne ba wuƙa. Bai san neman abinci ba, fukafukansa sun mutu da zama, kuma babu kurmi a Kano. Kafin magariba shaho ko kyanwa sun gama da shi. Sayarwa ga masu neman kansa da jan gashinsa kuwa miƙa shi ne ga halaka, da taimakon sana'ar da ke ƙarar da jinsinsa. Wani bincike da aka wallafa ya nuna cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na irin wannan aku tun daga 1992. A watan Oktoban 2016, taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, Nijeriya kuma tana da dokar kare halittun da ke fuskantar ƙarewa tun 1985. Masu kamun sukan ɗana danƙo a reshe ko su kwashe 'ya'ya daga kogo, da yawa kuma a hanya suke mutuwa. Mai sha'awar sayen sabon aku a kasuwa ya tuna hadisin Ibn Mas'ud (RA) a Sunan Abi Dawud, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya umarta a mayar mata da su.

Abin da ya rage shi ne jinya, kuma Baba ya yarda ya kai shi gidansa.

Da likitan dabbobi muka fara, domin ba kowace zubar gashi ce ta damuwa ba. Akwai ta ciwon hanta, akwai ta rashin abinci mai gina jiki, akwai kuma wata cuta mai yaɗuwa tsakanin tsuntsayen aku wadda ke lalata gashi da baki. Likitan ya ja kunnenmu a kan gyaɗa: maiƙo ya yi mata yawa, wadda ta yi funfuna kuma tana kawo ciwon huhu da na hanta. Irin wannan aku yana saurin rasa sinadarin kalsiyam, har ya riƙa faɗowa daga kan sanda yana jijjiga, saboda haka yana buƙatar hantsin safe kai tsaye, ba ta bayan gilashi ba, da inuwar da zai koma in ya so. Aka shiga ba shi gwanda, goba, mangwaro, karas, ganyen zogale, dafaffen wake da masara. Ba rana ɗaya aka sauya ba, don tsuntsun da ya shekara a kan gyaɗa zai iya ƙin sabon abu har yunwa ta kayar da shi. Piya guba ce gare shi. Haka cakulan, da shayi, da goro, wanda wasu ke gutsura masa don wasa.

Aka ƙera keji mai faɗin da zai buɗe fukafukai ya kaɗa, aka jingina shi da bango don ya san babu mai zuwa masa ta baya, a inda yake ganin mutanen gida amma nesa da madafa. Numfashin tsuntsu ba irin namu ba ne. Hayaƙin itace, maganin sauro na kunnawa da na fesawa, da tururin kaskon zamani wanda abinci ba ya kamawa idan ya yi zafi ainun, duk suna iya kashe shi. Iyayenmu mata su yi haƙuri, har turaren wuta yana ciki. Da dare a rufa masa zane ya samu barcin awa 10 zuwa 12. Da hantsi a yayyafa masa ruwa, musamman a hunturu, don fatar ɗan kurmi ba ta saba da bushewar Kano ba. Aka sa masa rassan goba da totuwar masara da kwali ya riƙa ɓantara, bakin ya samu aikin da ba gashinsa ba.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar ita ce mayar masa da yarda da ɗan'adam, kuma jikar Baba ce ta yi wannan aikin, yarinya 'yar Islamiyya. Abin da muka ce mata kaɗan ne: kada ta zura hannu a keji, kada ta ƙura masa ido, don a wurin tsuntsu mai ƙura ido mafarauci ne. Ta zauna gefe, ta yi haddarta da murya ƙasa-ƙasa, ta tashi. Kullum bayan la'asar. Makonni suka wuce yana gurnani in ta zo. Daga baya ya daina gurnanin, ya koma leƙe. Sai ta fara ajiye yankan gwanda a bakin keji ta ja baya. Ranar da ya karɓa daga yatsunta ta tsakanin waya, Baba da kansa ya tako har masallaci ya faɗa mana.

Mun kuma koya wa mutanen gidan karanta gargaɗinsa. Aku ba ya cizo sai ya yi sanarwa: ya tayar da gashin wuya, ya sunkuyar da kai, ƙwayar idonsa ta riƙa tsukewa tana buɗewa. Wanda ya ga haka ya ja baya, ya koya masa cewa ba sai ya yi cizo za a ƙyale shi ba. In kuwa ya ciji mutum, babu duka, babu tsawa, babu girgiza keji. Duka ɗaya yana rushe aikin wata guda. Kiran da yake yi da asuba da yamma ba rashin kunya ba ne, haka suke kiran juna a daji, sai a amsa masa da tattausar murya daga inda ake. Ashar kuma maganinta a yi kamar ba a ji ba. Nan ne aka sha fama, don yaran gidan dariya ke kufce musu, dariyar kuwa ita ce ladan da yake nema. Aka yi doka: in ya yi zagi kowa ya juya baya, in ya yi sallama ko fito a amsa a ba shi abin daɗi. Wani ɗalibi ya tambaye mu ko amsa sallamar aku wajibi ce. Ba wajibi ba ce, don ba da niyya yake yi ba, amma a gidan Baba mun mayar da ita magani.

Wanda ya san ba shi da lokacin wannan hidima, ko aljihunsa ba zai ɗauka ba, kada ya ɓoye tsuntsu a lungu saboda kunya. Ya nemi shawarar likitan dabbobi ko hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, a samar masa hannun da zai iya. Mai shirin rufe kamfani ko barin gari kuma ya sa mai rai cikin lissafinsa kafin ya miƙa makulli.

Yanzu hunturu biyu ke nan. Gashin wutsiyar ya dawo ja wur, na ƙirji ya tsiro sai wani fili kamar faɗin kwabo, wanda likita ya ce saiwar gashin wurin ta mutu, ba zai ƙara fitowa ba. Har yau ba ya yarda da namiji mai riƙe da sanda, ko da carbi ne mai tsawo sai ya ja baya. Da muka leƙa gidan bayan ƙaramar salla, ya dube mu da ido ɗaya ya yi shiru. Can sai ya yi gyaran murya irin na Baba, ya kira sunan yarinyar sau biyu, ta amsa daga cikin ɗaki.