Shaho Mai Gadin Jiragen Yaƙi

Ran 22 ga watan Satumba, 1995, wani babban jirgin sintiri na mayaƙan saman Amurka ya yunƙura zai tashi daga sansanin Elmendorf a jihar Alaska, sai ya yi karo da garken dinya. Injuna biyu na ɓangaren hagu suka zuƙe tsuntsayen, jirgin ya faɗi, dukan mutum 24 da ke ciki suka rasu. Ba harsashin abokan gaba ya kayar da shi ba, tsuntsu ne.

Filin jirgin sama fage ne mai faɗi, ga ciyawa ga ƙwari, saboda haka tsuntsaye ke mai da shi wurin kiwo. Jirgin yaƙi kuwa yana tafiya ƙasa-ƙasa da gudun gaske, wani ma injinsa ɗaya tak.

An gwada korarsu da ƙarar bindiga da mutum-mutumi, amma duk manomin da ya taɓa tsaron gero ya san ƙarshen wannan dabara. Kwana kaɗan tsuntsu zai gane barazana ce kurum, ya dawo ya ci gaba da kiwonsa. Abin da ba ya sabawa da shi shi ne shaho, domin shi kisa yake yi.

A 1965 mayaƙan ruwan Ingila suka fara sakin horarrun shahuna a sansaninsu na Lossiemouth, a Sikotilan, don korar tsuntsayen teku. A 1968 kuma wani masanin namun daji ɗan Sifen, Félix Rodríguez de la Fuente, ya kai nasa sansanin Torrejón kusa da Madrid, inda ƙananan tuje suka addabi matuƙa.

Mai horon yakan zagaya filin a mota, ya saki shahon kafin jirage su tashi. Shi kuwa ya lula sama, sa'an nan ya sulmiyo da gudun da kan wuce kilomita 300 a awa guda. Ba sai ya kashe da yawa ba. Da tsuntsaye sun ga yana shawagi kullum, sai su ƙaurace wa wurin.

Sai dai shaho ba ya aiki da dare, ko cikin hazo da ruwan sama mai ƙarfi, in ya ƙoshi kuma ba ya farauta. Ran da aka daina sakinsa, tsuntsaye za su dawo. Don haka tilas a haɗa da gyaran ciyawa, da cike kududdufai, da nisanta juji daga filin. Shaho mai gadi ne, amma share gida aikin masu gida ne.