3.4 Gano Matsalar Babur Ta Hanyar Sauraron Ƙara

A sashen da ya gabata an yi bayanin kayan aikin makanikin babur. A nan kuma za a dubi yadda yake amfani da kunnensa wajen gano matsala a sassan da ke kai ƙarfin inji zuwa tayar baya, wato kuloci da giya da sarƙa da faya-fayanta biyu masu haƙora, da kuma boris.

A watan Janairun 2013 gwamnatin Jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a cikin birni. Duk da haka ba a daina kawo babura gyara a Tudun Murtala ba, musamman irin su Bajaj Boxer da Jincheng da ake yin doguwar tafiya da su, ɗauke da kaya, zuwa kasuwannin Gezawa ko Minjibir. Idan sarƙar irin wannan babur ta zame, ko boris ya cije ana cikin gudu, abin kan kai ga asarar rai.

3.4.1 Matakan Gwaji

Abin da makaniki ke son sani da farko shi ne, shin ƙarar tana bin juyin inji ne ko juyin taya? Don haka yakan bi waɗannan matakai:

i) Yakan tayar da babur a firi ya murɗa totur. Idan ƙarar ta ƙaru alhali babur yana tsaye, to matsalar tana cikin inji ko kuloci.

ii) Yakan matse kuloci. Idan ƙarar ta ɗauke, zargi ya koma kan kuloci ko boris na cikin giya.

iii) Yakan hau babur ya yi gudu, sannan ya matse kuloci ya bar shi yana gangarawa. Idan ƙarar ba ta daina ba, sai ya duba sarƙa da boris na ƙafa.

iv) Idan a giya ɗaya kawai ake jin ƙarar, to haƙoran wannan giyar ne suka ci.

3.4.2 Ire-iren Ƙara da Ma'anarsu

Sarƙar da ta saki takan yi kacau-kacau tana dukan murfinta. Wadda aka ɗaure fiye da kima kuwa kuka take yi, kuma ita ta fi ɓarna, domin tana cinye boris ɗin da ke bayan ƙaramin faifai. A mafi yawan waɗannan babura, wasan sarƙa a tsakiyarta bai kamata ya wuce santimita 2 zuwa 3 ba. Boris na ƙafa gurnani yake yi, gurnanin yana ƙaruwa da gudu. Akan tabbatar da shi ta hanyar ɗaga tayar baya a jijjiga ta hagu da dama. Ƙarar ƙwas wadda ake ji sau ɗaya lokacin ba da wuta ko sakin totur, galibi daga robobin cikin cibiyar ƙafar baya take.

Ƙurar hunturu na daga cikin manyan dalilan lalacewar sarƙa. Idan ta haɗu da tsohon baƙin mai da wasu ke shafawa, sai ta zama tamkar dutsen wasa, ta fiƙe haƙoran faifai. Shi ya sa ake son a sauya sarƙa tare da faya-fayanta biyu, domin tsohon faifai ba ya barin sabuwar sarƙa ta daɗe.

Wasu manyan baburan doguwar tafiya, kamar Honda Gold Wing da ya fito a 1975, sandar ƙarfe ke juya tayarsu maimakon sarƙa. Amma tambayar farko ba ta sauyawa: inji ko taya?

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa ƙwararren makaniki ba ya gaggawar kwance inji. Wanda ya kwance inji saboda ƙarar da ɗaure noti biyu zai magance, ya jawo wa mai babur asarar kuɗi da ta ranar kasuwa, shi kuma ya zubar da amincin da ake yi masa a unguwa.