Ciwon Jiki a Kasuwar Illela

Ranar Lahadi, da kasuwar Illela ke ci, 'yan dako kan yini suna sauke buhunan hatsi da albasa, 'yan kabu-kabu kuma suna kai da komo a hanyar Birnin Ƙonni. Da yamma sai kemis ya cika. "A ba ni na ciwon jiki," in ji kowa, a ƙulla wa mutum ƙwayoyi kala-kala a leda, ba suna, ba ƙa'ida.

Likita kuwa da tambaya yake farawa: "Baba, ina ne ke ciwo? Tun yaushe? Suka yake ko zugi? Yana sauka har ƙafa?" Amsoshin nan, tare da taɓa wurin, su ne mafi yawan aikin. Galibin ciwon baya na tsoka ne, kuma yakan lafa cikin 'yan makonni ba tare da an ɗauki hoto ba. Abin da mutane ba sa son ji shi ne, doguwar kwanciya na jinkirta sauƙi, motsi kaɗan-kaɗan ya fi.

Akwai ciwon da ba a yi masa jinkiri. Idan ciwon baya ya zo da zazzaɓi da rama, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to a nufi babban asibitin Illela, wanda kan tura irin wannan zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, domin tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya. Haka ciwon kai mai zazzaɓi da sanƙarewar wuya a lokacin zafi. Sakkwatawa ba su manta sanƙarau na 2017 ba.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan maganin ciwo, daga mai sauƙi zuwa mai ƙarfi. Farasitamol ne a ƙasa, kuma babba ba ya wuce giram 4 a yini, don hanta. Ibuprofen da diclofenac 'yan gida ɗaya ne, amma sau da yawa tare ake zuba su a ƙullin kemis, alhali haɗa su na jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda, balle ga mai hawan jini, ko ɗan dakon da ya yini a rana bai sha ruwa ba.

Sai tiramol. Wanda doka ta amince da shi a Najeriya mai miligiram 50 ne ko 100, na bayan fage kuwa yakan kai 225. Binciken ƙasa na 2018, wanda aka yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irinsa ba da umarnin likita ba. Wanda ya saba, in ya tsallake yini ɗaya gaɓoɓinsa su ɗau ciwo, sai ya zaci tsohon ciwon ne ya dawo, ya ƙara. Irin wannan a asibiti ake rage masa sannu a hankali, domin yankewa farat ɗaya kan kwantar da mutum.