Aku mai magana ne, amma ba ya faɗin ciwonsa

A Sabon Gari na Maraɗi, da sauran unguwannin birni, akwai gidajen da ake kiwon aku. Akun nan toka-toka mai jar wutsiya ba tsuntsun ƙasarmu ba ne. Asalinsa kurmi: Kamaru, Gabon, Kwango da kudancin Nijeriya. Wadda muka sani a dajinmu ita ce tsirya, koriya mai doguwar wutsiya. Zancenmu na yau ya shafe su duka biyu.

Aku yana kwaikwayon sallama. Yana kiran yara da sunansu, har uwar gida ta zaci mutum ne a zaure. Amma ba zai taɓa cewa ba shi da lafiya ba. A daji, tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Saboda haka aku yana ɓoye ciwonsa har ƙarfinsa ya kusa ƙarewa. Ranar da muka gan shi ya kumbura gashi, ya sauka ƙasan keji, ya bar surutu, to, ciwon ya daɗe a jikinsa. Akuya tana iya jiran ranar kasuwa. Aku ba ya iya jira. In ya yini bai ci ba, a nemi likita a ranar. Shi ya sa muke cewa a san likitan tun tsuntsu yana da lafiya.

Su wane ne likitocin bisashe?

Ba duk mai riƙe da allura ne likita ba. Akwai babban likitan bisashe, wanda ya yi karatu mai zurfi. Da yawa daga cikin namu sun fito daga makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, a ƙasar Senegal, wadda aka buɗe a 1968. Akwai ma'aikatan gidan kiwo na gwamnati. Akwai kuma mataimaka na ƙauyuka, waɗanda aka koya wa allurar rigakafi da maganin tsutsa, suna aiki ƙarƙashin wani likita mai zaman kansa. Wannan tsari a jiharmu aka fara shi, a Dakoro, a shekara ta 2003.

Dukansu mutanen aiki ne. Sai dai aikinsu na kullum shanu ne da tumaki da jar akuyar Maraɗi. Jikin tsuntsu dabam yake. Don haka mu nemi wanda hannunsa ya saba da kaji, da zabi, da tantabaru. Hanyar samunsa ba ta da wuya. Mu tambayi masu gonar kaji da masu kiwon tantabaru wane ne ke duba musu tsuntsaye. Mu je ofishin ma'aikatar kiwo ta jiha mu tabbatar an san shi. Mutanen Tibiri da na Jiratawa su fara da ma'aikacin kiwo na wajensu, shi zai nuna musu wanda ya dace a birni.

Mai tallan magani a tire ko a kan keke ba ya cikin wannan lissafi. Kafso ja da rawaya da ake buɗewa a zuba a ruwan kaji ba maganin kowane ciwo ba ne. Ga shi ya sha rana, ga shi ba a san awonsa ba.

Da aikinsa za mu gane shi

In mun isa, kada kunya ta hana mu tambaya. Mu ce: "Likita, ka taɓa duba aku?" In ya ce bai taɓa ba, amma zai bincika littafi ko ya kira wani abokin aikinsa, wannan mutumin kirki ne, mu riƙe shi. Wanda ya ce aku ai kaza ce, ya jawo allura nan take, mu ɗauki kejinmu mu yi masa sallama.

Likitan ƙwarai ba ya gaggawar kama tsuntsu. Zai tsaya ya dube shi daga nesa: yadda yake zaune, yadda yake numfashi, ko wutsiyarsa tana sama da ƙasa. Zai duba kashinsa. Zai yi mana tambayoyi har mu ƙosa. Me yake ci? Yaushe aka samo shi? A ina yake kwana? Akwai kajin da suka mutu a gida? Akwai mai tari cikin iyali?

Sa'an nan ya auna nauyinsa. Wannan shi ne babban abin da za mu lura da shi. Aku toka-toka ba ya wuce giram 400 zuwa 500, wato bai cika rabin kilo ba sai ƙosasshe. Tsirya ko giram 150 ba ta kai ba. Akuya mai kilo 25 ta ninka aku sau 50 da ɗoriya. Magani kuwa da nauyi ake ba da shi. Allurar tsutsa da ke warkar da akuya, in aka yi kuskuren awo kaɗan, ita ce ajalin aku. Likitan da ba shi da ƙaramin sikeli yana iya arowa. Wanda ya ce zai kintata da ido, ba shi muke nema ba.

Mu dubi kuma yadda yake riƙe shi. Tsuntsu da motsin ƙirji yake numfashi. In aka matse ƙirjin, sai numfashi ya tsaya. Wanda ya san aiki da tsumma yake lulluɓe shi, ya riƙe bayan kai, ya bar ƙirji a sake.

Yawancin ciwon daga abinci ne

A gidaje da yawa gyaɗa kawai ake ba aku, don ita yake so. Yaro ma alewa yake so. A kurmi aku yana cin ƙwaƙwar manja da ƴaƴan itace iri-iri. In ya shekara yana cin gyaɗa zalla, sai hancinsa ya toshe, gashinsa ya dushe, ƙashinsa ya yi rauni. Wani har faɗuwa yake yi daga kan sanda yana kakkarwa kamar mai farfaɗiya. Sai a ce iska ce ko sammu. Alhali abincin gina ƙashi ne ya rasa. Gyaɗar da ta yi fumfuna ta fi muni, tana ɓata hanta da huhu.

Likitan da ya san tsuntsu zai yi mana maganar abinci kafin maganar allura. Abin da ake bukata yana kasuwarmu: gwanda, mangwaro, karas, dafaffen wake, gero da masara, da ganyen zogale irin na garake na Jiratawa. A ɗiga ɗan manja, a daka ɓawon dafaffen ƙwai a barbaɗa. A fitar da shi ya sha hantsi, a mai da shi inuwa kafin rana ta yi zafi. Kada a ba shi goro, ko shayi, ko kofi, ko cakulan, ko piya, wadda wasu ke kira aboka. Kada ya kwana ɗakin da aka kunna maganin sauro ko aka fesa maganin ƙwari. Keji mai tsatsa ko mai fenti yana sa masa guba, domin aku ba ya barin gaigayar ƙarfe.

Ciwon da ke kama mutane

Ga dalilin da ya sa zancen nan ya wuce na tsuntsu. Akwai cutar da ake kira zazzaɓin aku. Tana cikin kashinsa da majinarsa. In kashin ya bushe, aka share, sai ƙurar ta shiga hancin mai shara. Mutum ya yi zazzaɓi, da ciwon kai, da busasshen tari, wani lokaci har ciwon huhu. A 1929 da 1930 cutar ta bazu a Turai da Amurka ta hanyar cinikin aku. Ɗaruruwan mutane suka kamu, sama da 100 suka rasu. Yau akwai magani. Amma na tsuntsun kwana 45 ake ba shi, ba a tsayawa don an ga ya warware. In mai kula da aku ya yi zazzaɓin da maganin zazzaɓin cizon sauro bai sauke ba, ya je likita, ya faɗa musu akwai aku a gida. A yayyafa ruwa kafin shara. Mace mai ciki da tsoho su bar wa wani wankin keji. Yara kuma su daina ba shi abinci baki da baki.

Kajinmu ma suna cikin haɗari. Annobar kaji da ke zuwa da ɗari tana kama aku, shi ma yana iya kawo ta gida. Ba mu manta da murar tsuntsaye ta 2006 ba, wadda ta ɓulla a Magarya. Don haka sabon tsuntsu a ware shi wata ɗaya ko fiye, nesa da akurki. In tsuntsaye suna mutuwa da yawa, a sanar da ma'aikatar kiwo, kada a jefar a bola.

Maganar doka

A 2016 ƙasashen duniya sun taru a Afirka ta Kudu, suka hana cinikin aku toka-toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa, saboda ya ragu ƙwarai a kurmi. Waɗanda ake shigowa da su a ɓoye, a cushe cikin kwali, da yawa a hanya suke mutuwa, saura su iso da ciwo. Mai niyyar saye ya fara tambayar ma'aikatan gandun daji. Wanda kuwa yake da shi tun da can, ya san aku yana iya rayuwa shekara 40 ko fiye.

Ranar zuwa wurin likita, a tafi da sassafe. A rufe kejin da zane mara nauyi, a bar kafar iska. Kada a wanke kejin, domin likita yana son ganin kashin. A ɗebi abincin da yake ci, da duk maganin da aka riga aka ba shi, a tafi da su.