Nura, Munira da Ladan: Sunayen da Suka Haɗa Dangi da Hasumiya

Ranar suna a Zangon Agege, bayan an raba goro liman ya raɗa wa jariri suna, da wuya a watse ba a sami wanda ya tambayi ma'anarsa ba. Amsar da aka fi bayarwa ita ce sunan annabi ne, ko na sahabi, ko na kaka aka mayar. Amma akwai wasu sunaye da suka cika gidajen Hausawan Legas waɗanda asalinsu ke haɗe da dogon ginin nan na gefen masallaci, kuma bin diddiginsu yana nuna wata ɗabi'a ta Bahaushe: ya karɓi kalmomin hasumiya daga Larabci, amma da ya zo raɗa wa ɗansa suna sai ya bar ginin ya ɗauki aikin da ake yi a kansa, wato haske da kira.

Ita kanta kalmar hasumiya masana harshe suna danganta ta da sauma'a ta Larabci. Asalin ma'anarta ɗakin kaɗaici ne na masu bauta daga cikin Kiristocin da, kuma jam'inta ya zo a Suratul Hajji a jerin wuraren ibada. A Maroko da sauran ƙasashen Magrib ne aka fi kiran hasumiyar masallaci da wannan suna, alhali a Masar da Sham an fi cewa mi'izana ko manara. Wannan ba ƙaramar shaida ba ce, domin tana nuna ta wace ƙofa kalmar ta shigo mana: ta hanyar ayarin Sahara, hanyar da Shehu Magili ya biyo har ya iso Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Ginin ma ya goyi bayan kalmar. Gobarau ta Katsina, mai tsawon kusan mita 15, da hasumiyar Agadas mai mita 27, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sake ta a 1844, duk masu kusurwa huɗu ne, kamar ta Kutubiyya a Marrakesh, ba siraran zagayayyu irin na Turkiyya ba.

Sunayen mutane kuwa daga sauran kalmomin biyu suka samo dangi. Manara ma'anarta wurin da ake ɗora wuta ko fitila don matafiya su hango, kuma saiwarta ɗaya da nur, haske. Daga wannan saiwa aka sami Nura da Nuru da Nuruddini da Munir da Munira da Anwar. Mi'izana kuwa wurin azan ce, kiran salla, kuma daga wannan saiwar muka sami ladan, wanda harafin farkonsa ragowar "al" ce ta Larabci, kamar yadda ta maƙale a liman da lahira da littafi. Ladan ya fara a matsayin muƙami, ya zama laƙabi, ya koma sunan da iyali ke ɗauke da shi a takardar makaranta, kamar Liman da Alƙali da Na'ibi. Maƙwabtanmu Yarabawa Musulmi su ma ladani suke cewa, suna kuma da Muniru da Munirat da Nurudeen, abin da ba zai ba da mamaki ba ga wanda ya san cewa fataken goro sun daɗe a Agege, balle bayan jirgin ƙasa ya tashi daga Legas zuwa Ibadan a 1901 ya kuma isa Kano a 1911.

Wasu al'ummu sun bi wata hanyar daban. Masu kallon ƙwallo a gidajen kallo na Agege sun san Fernando Torres, kuma Torres a harshen Sifaniya hasumiyoyi ne kai tsaye, sunan dangin da suka zauna kusa da ginin tsaro. Maryamu Magadaliya ta Littafi Mai Tsarki an jingina ta ga garin Magadala, daga migdal ta Ibrananci, ita ma hasumiya. Larabawa suna da burj, wadda ake ji a Burj Khalifa ta Dubai mai mita 828, jam'inta kuma shi ne sunan Suratul Buruj. A nan gida ba a saba jin yarinya mai suna Hasumiya ba. Bahaushe yakan jingina mutum ga gari ko unguwa, ya ce Aminu Kano ko Shehu Shagari, kuma idan gini ya shiga suna to ta wannan ƙofar yake shiga, kamar mai amsa Soronɗinki saboda unguwarsu a birnin Kano.

Mai musu zai ce uban da ya sa wa 'yarsa Munira bai taɓa kawo hasumiya a ransa ba, haske kawai yake yi mata fata. Gaskiya ne, kuma ba a ce Munira tana nufin hasumiya ba. Abin da ake cewa shi ne Munira da manara uwarsu ɗaya, kuma hasken ne ya riga ginin. Haka ma kiran: Bilal ya yi ta kiran salla a Madina daga saman wani gida mai tsawo kusa da masallaci, hasumiyoyi sai a zamanin Banu Umayya suka fara bayyana. Ke nan wanda ya zaɓi sunan haske ko na mai kira ya riƙe abin da ya fi ginin tsufa. Inda ya kamata a yi hattara shi ne fassarar kunne, wadda ta yi yawa yanzu da kowa ke neman ma'anar suna a waya. Hasumiya ba ta da alaƙa da husuma, wadda ta fito daga wata saiwar Larabci mai nufin jayayya, haka Magadaliya ba 'yar'uwar Magajiya ba ce, domin Magajiya Hausa ce tsantsa daga gado. Kama da wane ba ta wane, in ji masu magana.

Wani kuma zai ce duk wannan tarihi ne da ya wuce, tunda lasifika ta sauke ladan daga sama. A lungunan Agege, inda fili ya yi tsada, masallacin unguwa sau da yawa shago ɗaya ne da tabarmi a waje, an ɗaure lasifika biyu a kan bututun ƙarfe, ladan yana tsaye a ƙasa da makirfo a hannu. Ko babban masallacin Legas da aka buɗe a 1988 da hasumiyoyinsa huɗu, alama ce ta hange daga nesa fiye da matakalar mai kira. Sai dai wannan ya ƙarfafa maganar ne. Dogon ƙarfen da kamfanonin waya suka kafa a tsakiyar unguwa ya fi yawancin hasumiyoyi tsawo, duk da haka mutane ƙarfen sabis suke ce masa, da aikinsa suka kira shi. Hasumiya kuwa ta tsaya wa masallaci da gine-ginen alfarma da ake ji a labarai, irin ta Eiffel a Faransa, yayin da mai kiran salla, ko ya hau ko bai hau ba, har yanzu ladan ne, jikokinsa kuma suna rubuta sunan a katin zaɓe.