Abubuwan da ya kamata ka sani game da riƙon na'urorin kasuwanci a ƙasar Gumel

Ranar Alhamis a karar Maigatari, ciniki ya daina ƙarewa da "na sallama" kamar da. Dillali ya haɗa hannun mai bijimi da na falke, an daidaita, amma ba mai kama igiya sai waya ta yi ƙara. Mai bijimin ya zaro 'yar wayarsa daga aljihun gaba ya miƙa wa ɗansa, yaron ya duba ya ce alat bai shigo ba. Falken kuma ya ɗaga tasa wayar yana nuna an riga an cire masa kuɗi. Tirela tana jiran lodi, rana tana yi, mutum uku suna tsaye a kan dukiyar da ta bar hannun wannan ba ta isa hannun wancan ba.

Wannan tsayuwar ita ce abin da manyan kamfanoni ke ɗaukar ma'aikata na musamman don su hana faruwarsa. A wurinsu sunan aikin kula da fasahar sadarwa ta kasuwanci. A Sule Tankarkar da Gagarawa da Gumel aikin nan yana nan, sai dai ba a ba shi suna ba, ba a kuma ɗora shi a wuyan kowa ba. Mai kemis, mai shagon taki da maganin feshi, mai sayen riɗi da zoɓo, mai makarantar kuɗi, mai rumfar POS, duk rabin kasuwancinsu ya koma cikin waya da na'ura. Sayen na'urar shi ne mafi sauƙi. Riƙe ta shi ne aikin.

Yadda muka tsinci kanmu a ciki

Ba shawara aka zauna aka yi ba, tura mu aka yi. A Oktoba 2022 Babban Bankin Nijeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Daga Janairu zuwa Maris na 2023 tsabar kuɗi ta ɓace a kasuwanni, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A waɗannan makonni ne dattijon da ya rantse ba zai taɓa karɓar taransifa ba ya aika jikansa ya buɗe masa asusu. Manhajojin manyan bankuna sun riƙa sarewa saboda cunkoso, sai jama'a suka kwarara zuwa Moniepoint da OPay da PalmPay. Kuɗi sun dawo daga baya, amma ɗabi'ar ta zauna.

Illar shiga abu da gaggawa ita ce an koyi danna maɓalli, ba a koyi abin da ke bayansa ba.

Hanyar da kuɗi ke bi kafin alat ya shigo

Idan aka zura kati a na'urar POS a bakin tashar Sule Tankarkar, saƙo ne yake tashi. Layin da ke cikin na'urar ya miƙa shi ga ƙarfen sabis mafi kusa, daga nan ya bi wayar ƙarƙashin ƙasa ko iska zuwa kwamfutocin kamfanin da ya ba da na'urar, ya wuce ta wurin mai haɗa bankuna, irin su NIBSS ko Interswitch, ya isa bankin mai katin. Bankin ya duba ko akwai kuɗi, ya cire, ya mayar da amsa ta wannan doguwar hanyar. Duk cikin 'yan daƙiƙoƙi. To, idan saƙon ya tafi lafiya amma amsar ta maƙale a hanyar dawowa, nan ne ake samun abin da ya fi komai haddasa rigima a rumfa: an cire wa mutum kuɗi, na'ura kuma ta fito da takardar cewa bai shiga ba. Mai POS bai ci kuɗin ba, mai katin ma bai yi ƙarya ba. A 2020 Babban Banki ya ba bankuna wa'adin awa 72 su warware irin wannan a cinikin POS, amma mai kati zai sha wuya wajen kai ƙara idan bai riƙe 'yar takardar nan ba. Rubutunta kuma gogewa yake in ta sha zafi ko ta daɗe a aljihu, don haka gara a ɗauki hotonta nan take.

Kowace gaɓa a wannan sarƙar tana iya tsinkewa, kuma yawancinsu ba a hannunka suke ba. Man dizal na iya ƙarewa a ƙarfen sabis. Masu aikin hanya na iya yanke waya da katafila. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da dama a Nijeriya suka kasa aiki yadda ya kamata. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa biyan kuɗin buhun gero saboda abin da ya faru a ƙasan teku. A Satumba 2021 kuma gwamnati ce da kanta ta sa aka kashe sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda tsaro. Manya ma ba su tsira ba: ranar 19 ga Yuli 2024 kuskure ɗaya a sabunta manhajar kamfanin CrowdStrike ya tsayar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi a duniya, jirage suka kasa tashi.

Abin da ke hannunka shi ne kada ka rataya kasuwarka a igiya ɗaya. Layi biyu na kamfanoni daban, asusu biyu a wurare daban, da littafin takarda da ake rubuta ciniki a ciki ko da na'ura tana aiki. Ban yarda da masu cewa littafi ƙauyanci ne ba. Ranar da sabis ya ɗauke, shi ne kaɗai shaidar da ba ta buƙatar caji.

Wuta da tsada

Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a garuruwanmu, ƙauyuka da yawa ma ba a kai musu turakun ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, janareto ya zama ci-riba. Dala kuma da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yuni 2023 ta haura 1,500 a 2024, alhali waya da firinta da batir duk da dala ake shigo da su. A Janairu 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Rashin wuta da tsadar fetur su suka sa sola ta cika rufin shaguna. Kuskuren da ake yawan yi shi ne lissafa kuɗin saye kawai. Batir yana da shekarunsa, zafin bazara yana rage su, ƙurar hunturu kuma tana toshe fankar kwamfuta tana dusashe farantin sola. Wanda bai ware ɗan abin canji duk wata ba, ranar da batir ya mutu daga jari zai cira.

Makullin yana hannun wa?

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan aka fi sakaci.

Na san wani shagon magani da maigidan ya kashe kuɗi ya sa kwamfuta don lissafin kaya. Wani yaro mai hazaƙa ne ya haɗa masa komai: ya buɗe imel da sunansa, ya yi rajistar manhajar da lambar wayarsa, ya zaɓi lambar sirri. Shekara biyu aiki yana tafiya daidai. Sai yaron ya tafi bautar ƙasa, wayarsa ta ɓata a can, layin ya tafi da ita. Ranar da kwamfutar ta nemi a sake shigar da lambar sirri, na ga maigidan zaune a gabanta da tabarau a hanci, yana gwada shekarar haihuwarsa da sunan 'yarsa. Lissafin masu bashi na shekara biyu yana ciki. Ba wanda ya cuce shi. Bai dai taɓa tambayar wa ke riƙe da makullin ba.

Mutumin da ba zai taɓa barin makullin sito a hannun yaron shago ya tafi gida da shi ba, shi ne zai bar asusun da ya fi siton daraja a kan layin yaron. Dalilin a fili yake: makullin ƙarfe ana ganinsa, wannan ba a gani. Layin da aka buɗe asusu da shi, shi ne makullin, domin ta nan lambar tabbatarwa ke shigowa. Tun Disamba 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, layi ya zama na wanda sunansa ke kan rajista, ko da kai ka saya kai kake sa masa kati. In ya ɓata, shi kaɗai zai iya zuwa ofis a dawo da shi. In ya rasu, magada za su sha zirga-zirga.

Don haka layi da imel da asusun shago su kasance da sunan mai shagon ko sunan kasuwancin. Yaron da ke karɓar kuɗi a ba shi damar ganin shigowarsu, ba damar fitar da su ba. Manhajoji da yawa suna da wannan tsari, ba a dai amfani da shi. In yaro ya bar aiki, a canza lambobin sirri a ranar, ko da an rabu da hannu biyu. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce gare shi ma, don kada gobe wani abu ya ɓata a ambaci sunansa. Sannan a rubuta inda komai yake a takarda, a rufe, a ajiye wurin wanda aka amince da shi. Mu da muke da al'adar wasiyya bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba.

A ajiye kwafin lissafi a wuri na biyu. Kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 10 kuwa, a sani Microsoft ya daina ba ta kariyar da ya saba tun 14 ga Oktoba 2025.

'Yan damfara da amanar bayanan jama'a

Ɓarawon yanzu sallama yake yi. Zai kira ka da ladabi, ya faɗi cikakken sunanka, ya ce daga banki ne, BVN ɗinka ya samu matsala, ka karanto lambar da aka turo maka. Ba bankin da ke neman wannan lambar ta waya. Wani kuma saƙon alat na bogi zai turo, ko ya nuna hoton rasit ya ɗauki kaya ranar kasuwa ana tsakiyar cunkoso. Alat ba shaida ba ne. Shaida ita ce ka buɗe asusunka ka ga kuɗin sun ƙaru.

Akwai ɓangaren da ba mu cika tunani a kai ba. Littafin da mai POS ke rubuta sunaye da lambobin waya, kwafin katin NIN da ke jibge a shagon hoto, takardun ɗalibai a makarantar kuɗi, duk bayanan mutane ne. Na taɓa ganin an ƙunshe ƙosai a irin wannan takarda, da hoton mai ita da lambarsa. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta kuma tanadi tara mai nauyi ga wanda ya yi sakaci da su. Ko babu doka, abin da mutum ya ba ka don wata buƙata ɗaya amana ce.

Ƙa'idoji ba sa tsayawa wuri ɗaya

A Afrilu 2024 Babban Banki ya dakatar da wasu kamfanonin kuɗi na waya daga ɗaukar sababbin masu asusu har zuwa Yuni. A shekarar aka ce kowane mai POS ya yi rajista da hukumar CAC. A Disamba aka ƙayyade wa mutum cirar naira dubu 100 a rana a wurin mai POS, shi mai na'urar kuma kada ya fitar da fiye da miliyan 1.2. A kasuwar da bijimi ɗaya ke iya haura miliyan, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A Agusta 2025 kuma aka umarci a ɗaure kowace na'ura da wurin da aka yi mata rajista. Wanda ya tsara wannan, shagon da ke zaune wuri ɗaya yake hange, alhali mai POS na karkara bin kasuwanni yake yi, yau nan gobe can. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ya kamata su riƙa bibiyar sanarwar nan suna karanta wa mambobinsu da Hausa.

Kan iyaka kuma naira tana tsayawa. Makiyayin da ya koro dabbobi daga ƙasar Damagaram sefa yake so, don haka har gobe ɗan canji ne gadar da ke tsakanin manhajar falke da aljihunsa.

Abin da ke tafe, da wanda zai riƙe shi

Kamfanin intanet na Starlink ya shigo Nijeriya a Janairu 2023, kuma ga garin da sabis ke wahala hanya ce ta gaske, sai dai tsadarsa ta fi dacewa da haɗin gwiwar shaguna da yawa. Lissafi yana ƙaura daga kwamfutar shago zuwa ma'ajiyar intanet, abin da ke tsare shi daga gobara da sata, amma ya mayar da kai mai biyan haya duk wata. Ƙirƙirarriyar basira ta fara jin Hausa, tana rubuta wasiƙar kasuwanci tana tsara lissafi; tana kuma yin kuskure ba tare da ta nuna alamar shakka ba, kuma 'yan damfara sun fara kwaikwayon murya da ita. Masu sayen riɗi da zoɓo na ƙasashen waje suna ƙara neman sanin inda kaya suka fito da maganin da aka fesa musu, don haka dillalin da ke da rubutaccen tarihin buhunansa zai riga wanda ke riƙe da shi a ka.

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki aka kafa kamfanin intanet na Galaxy a Dutse da cibiyar koyar da kwamfuta ta Kazaure, lokacin da jihohi da yawa ba su fara tunanin haka ba. Kashifu Inuwa Abdullahi, wanda aka naɗa shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA a 2019, ɗan Haɗeja ne. Yaran da suka iya aikin muna da su. Abin da ke tura su Kano da Abuja shi ne a gida ana ɗaukar aikinsu a matsayin taimako: a kira mutum ya kwana yana gyara, a sallame shi da godiya da kuɗin mashin. Shago ɗaya ba zai iya biyan ma'aikaci na dindindin ba, amma shaguna goma a layi ɗaya a Gumel ko Sule Tankarkar za su iya haɗa wa mutum ɗaya albashi, ya riƙa zagayawa duk mako yana duba batir, yana kwafe lissafi, yana tabbatar da cewa kowane layi da sunan mai shi yake. Haka aka saba haɗa wa mai gadin kasuwa kuɗin wata.