Tsohuwar mota da hunturu: ƙura ta fi sanyi ɓarna

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Zariya da hazo. A irin wannan lokaci ne ma'aikacin da ke barin Sabon Gari da sassafe zuwa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko ɗan kasuwar da ke yin akasin haka, yake gane halin motarsa, balle idan tsohuwa ce irin Peugeot 504 da jama'a ke kira Fijo.

Wannan mota tana da tarihi. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya shafe shekaru yana harhaɗa ta. Ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka a 1975, samfurinta mai ƙofa biyu kuma ya sake lashewa a 1978. Ƙwarinta ba abin tababa ba ne. Sai dai tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, sauya mota ya gagari mutane da yawa, don haka lallaɓa ta hannu ya zama dole.

Matsalar farko ita ce tashi da safe. Tsofaffin motoci da kafireto suke aiki, fetur kuwa ba ya saurin gauraya da iska idan akwai sanyi. Shi ya sa ake jan cok domin ƙara yawan man da ke shiga injin. Amma da zarar injin ya ɗumama sai a mayar da shi, in ba haka ba a yi asarar fetur, fulogi kuma su yi baƙi. Sanyi yana kuma rage ƙarfin batir, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri, injin ya yi nauyin juyawa. Batirin da ya tsufa a hunturu asirinsa ke tonuwa.

Duk da haka, sanyin Zariya ba ya daskarar da ruwan lagireto kamar na Turai. Babbar abokiyar gaba ita ce ƙura. Idan matatar iska ta toshe, mota ta riƙa shan mai tana rasa ƙarfi. Idan kuma ta yage, ƙura ta shige cikin injin ta haɗu da baƙin mai, ta riƙa cinsa a hankali. Duba matatar kowane mako da sauya mai a kan kari sun fi sauke injin araha. Bushewar iska tana tsattsage tsofaffin robobi da bel, goge jikin mota ko gilashi da busasshen tsumma kuwa karce shi yake yi. Sai an fara zuba ruwa.

Saura batun rai. Motocin wancan zamani ba su da jakar iska ta kariya, ba su da birkin zamani mai hana taya cijewa. A cunkoson Kwangila, inda manyan motoci da babura ke cakuɗewa cikin hazo, wajibi ne a kunna ƙaramar fitila, domin babbar hasken kan dawo wa direba ido, a kuma bar tazara mai yawa.

Mai tsohuwar mota da ya kiyaye waɗannan zai iya fita da ita kullum har bazara ta shigo.